"An Ce" Ba Madogara Ba Ce

Mu marubutan Ikara, Makarfi da Kudan mun iya zuba tarihi, amma in aka tambaye mu inda muka samo, sai mu ce "an ce". Wa ya ce? Yaushe? Mu ɗebo labarin noman rake daga bakin dattijo, mu ɓoye sunansa. Wannan cin amana ne.

Kukan wahala ya ƙare tun 2006 da manhajar Zotero ta fito, kyauta. Sau ɗaya za mu shigar da bayanin littafi, ita ta jera mana manazarta cikin Word. Har gurbin hirar baka gare ta.

Ranar da dattijon ya kwanta dama, "an ce" ɗinmu ya koma jita-jita. 'Yan'uwa, mu gyara.