Daga teburin biro zuwa aikin koci: mu ba ta rancen?

 Wata irin buƙatar rance ta fara zuwa gaban akwatunan ƙungiyoyinmu na birni, wadda ba ta ƙuli-ƙuli ba ce, ba ta kiwon tumaki ba. Mace ce mai aikin biro, sakatariya ko mai riƙe da takardun ma'aikata, ta gaji da buga wasiƙa da amsa waya, tana neman kuɗin horo don ta zama abin da ƴan boko ke kira koci. Ba na ƙwallo ba. Wannan kocin zama yake da ma'aikaci ko shugaban ma'aikata, ya taimaka masa ya gano abin da ke hana aiki tafiya: rigima da abokin aiki, saurin fushi, tsoron magana a taro.

Jarin sana'ar shi ne sanin zuciya, taki da ta wani. Masana biyu na Amurka, Peter Salovey da John Mayer, suka yi rubutu a kai a 1990, sai Daniel Goleman ya baza batun a duniya da littafinsa na 1995. Manufar dai mutum ya gane ransa ya ɓaci tun bakinsa bai buɗe ba, ya kuma iya karanta fuskar wanda ke gabansa. Wata za ta ce ai haƙuri ke nan. Ba daidai ba ne. Haƙurin da aka koya mana yawanci haɗiye magana ne, wannan kuwa faɗin maganar ne a lokacin da za ta shiga kunne.

A nan sakatariya ta riga kowa. Ta san safiyar da ba a kai wa shugaba takarda ya sa hannu. Ta san waɗanda ba sa ga-maciji a biro tun kafin shugaban ya sani. Ta sha sanyaya baƙon da ya zo da zafi. Sai dai biro ya saba mata da wani hali da zai zame mata cikas: a kawo matsala, ta gyara, ta mayar. Koci ba ya gyara wa mutum. Tambaya yake yi, ya yi shiru, har mai matsalar ya samo hanya da kansa, kuma shirun nan ya fi buga wasiƙa ɗari wuya. Ga riƙon sirri. Wadda labarin biro ke isa gidan suna ta bakinta, to ta haƙura da wannan sana'a.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ta shafe mu. Albashi ƙarshen wata yake zuwa, da zubin CNSS ga wadda aka yi wa rajista. Koci kuwa sai an kira ta. Kuma kowa na iya buga takardar shaida mai hatimi ya sayar ta intanet. Babbar ƙungiyar koci ta duniya, ICF, ba ta ba da shaidarta ta matakin farko sai mutum ya yi awa 60 na karatu da awa 100 na zama da mutane. Horon kwana uku a otel bai kama ƙafar wannan ba.

Ba mu ce ba a cin abinci da koyarwa ba. Mata Masu Dubara da CARE ta soma a Maraɗi a 1991 ta bazu ne da ƙafar matan da suka koyi tsarin, suka shiga garuruwa suna kafa ƙungiyoyi, ƙungiyoyin na biyansu ladan wahala. Amma sai da aka ga amfaninsu aka biya.

Ra'ayinmu, a ba ta rancen in tana nan kan aikinta, albashi na biya. Ta faɗa mana inda za ta yi horon da ko awa nawa ne. Kafin nan ta gwada hannunta a gida: ranar rabo ba a rasa mutum biyu da tarar latti ko bashin da bai dawo ba ya haɗa su, a bar mata su mu gani. In kuwa ta riga ta ajiye aiki, ba wanda ya taɓa biyanta ko dala, ta dakata sai zagaye na gaba.