Tsakanin Shayin Rage Tumbi Da "Sha Ka Fashe"



Kwanakin baya na leƙa gidan gwaggona, na tarar da 'yarta, wadda ke aji biyu a babbar sakandare, ta ture kwanon tuwo gefe tana kurɓar wani shayi tana yamutsa fuska. Na tambaye ta lafiya, ta ce, "Yaya, kito nake yi, na daina cin tuwo da shinkafa." Na ce mene ne kiton? Sai ta ciro waya ta nuna min wata mata a TikTok. A ɗakin da take kwana kuwa, yayarta da aka sa wa rana tana haɗiyar ƙwayoyin nan da ake kira "sha ka fashe", don kada dangin ango su ce an kawo musu tsinke.

Yaranmu sun haddace sunayen waɗannan abubuwa, amma ba su san me ke ciki ba. Shi kito, likitoci ne suka tsara shi a Amurka wajen 1921 domin yara masu farfaɗiya, kuma a ƙarƙashin kulawar likita ake bin sa. Ba don yarinya mai shekara sha shida da ke tafiya makaranta a ƙasa aka yi shi ba. Shayin rage tumbi kuma, da yawansu ganyen filasko ne a ciki, wanda kakanninmu suka sani a matsayin maganin wankin ciki, na sha jefi-jefi. Abin da ke barin jiki ruwa ne da bayan gida, kitse yana nan inda yake. Idan aka mayar da shi shayin kullum, gishirin da zuciya ke buƙata ya riƙa zubewa, hanji kuma ya saba har ya kasa aiki sai da shi. Akwai ma waɗanda aka kama an cusa musu sibutramine, maganin da aka janye daga kasuwannin Turai da Amurka a 2010 saboda yana ƙara haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki.

Na ƙiba ma ba su fi ba. Galibi ɗayan biyu ne. Ko dai cyproheptadine, maganin ƙaiƙayi da borin jini wanda ke jawo yunwa da barci, ko kuma dexamethasone, wanda ya fi tayar min da hankali. Kumatun da ake gani ana cewa "ta yi kyau, ta murje", kumburi ne. Maganin yana ɗaga suga da hawan jini, yana raunana garkuwar jiki, kuma wadda ta daɗe tana sha, daina shi rana ɗaya ma haɗari ne, sai likita ya riƙa rage mata a hankali.

A tuna a kan wane jiki ake wannan gwaji. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 58 cikin 100 na matan Najeriya 'yan shekara 15 zuwa 49 suna da ƙarancin jini. Yarinya tana tsawo, ƙashinta yana ginuwa, tana al'ada duk wata, sannan ta yanke karin kumallo. Me zai hana ta jiri a aji?

Da sauƙi mu ɗora wa waya laifi mu kakkaɓe hannu. Ni dai ban yarda ba. Da na zaunar da ƙanwar tawa, ba 'yar TikTok ta fara ambata ba. Cewa ta yi a wajen wani biki wata innarmu ta kalle ta a gaban mutane ta ce, "Ke wannan lukutar, ƙofar wa za ki shiga?" Aka yi dariya aka watse, ita kuwa ta kwana da maganar. Yayarta kuma tun tana ƙarama ake kiranta sillan kara. Mai tallar shayi ba ta san yaran nan ba. Mu muka kai mata su da bakinmu, ita kuɗin kawai ta karɓa. Ni ma, in faɗi gaskiya, na sha kiran yarinyar nan "buhu" da sunan wasa.

Wani zai ce to ƙiba ba matsala ba ce? Matsala ce, kuma ba na cikin masu cewa a bar kowa ya ci yadda ya ga dama. Amma yarinyar da ta tsere wa tuwon dawa da miyar kuka, ita ce za ka gani da lemon kwalba da cincin a lokacin tara. Da lemon ta bari, ta riƙe wake da zogale da rama da ƙwai idan ya samu, ta ƙara zirga-zirga, da ta fi samun abin da take nema. Idan kuma nauyin ya yi yawa da gaske, ko ramar ta ƙi ƙarewa, asibiti ne wurin zuwa, domin wata ƙibar da wata ramar alamar ciwo ce. Samari ma ba su tsira ba, da garin ƙara ƙwanji da suke saye ba lambar NAFDAC, amma wannan sai wani makon.

Ƙanwata ta zubar da ragowar shayin bayan na karanta mata abin da ke jikin kwalin, ko da yake har yanzu loma uku take yi ta tashi. Yayar tata ce ta gagare ni. Ta saurare ni tsaf, sannan ta ce, "Yaya, bikin saura sati biyar. Kin san bakin dangin miji." Gobe zan koma gidan, wannan karon da gwaggo zan yi magana.