Waƙar da Aka Saya da Kuɗi, Ta Wa Ce?

Duk ɗalibin da ya taɓa zama domin juyar da waƙar baka daga kaset zuwa takarda ya san irin haƙurin da aikin yake buƙata. Yakan saurari ɗan waƙa guda sau goma, ya mayar da zare baya, ya sake kasa kunne, har sai ya rabe muryar jagora da ta 'yan amshi, ya kuma gano kalmar da kalangu ya danne. Sharaɗin wannan aiki guda ɗaya ne, wato waƙar ta kasance a hannun mai nazari, ya juya ta yadda ya ga dama, yau da gobe da baɗi. A zamanin kaset ba a ko tunanin wannan sharaɗi, domin wanda ya sayi kaset a kasuwar Maraɗi ko ta Kano ya mallake shi ke nan: ya ara wa aboki, ya kwafa wa malami, ya bar wa 'ya'yansa gado.

Yau waƙa ta koma cikin waya, kuma ma'anar "saye" ta sauya ba tare da an yi shela ba. Abin da ake kira ciniki a shagunan intanet, sau da yawa aro ne da aka ɗaura wa igiya, ƙarshen igiyar kuwa yana hannun kamfani. Wannan tsari yana cutar da mai gaskiya fiye da ɓarawo, kuma adabin da ya dogara da murya, irin na Hausa, shi ne zai fi jin jiki.

Tushen lamarin yana Amurka. A 1998 ƙasar ta kafa dokar da ta haramta ɓalle kwaɗon da kamfani ya sa wa waƙa ko fim ko littafi na kwamfuta, ko da kuwa mai ɓallewar shi ya sayi abin da kuɗinsa. Shekara guda bayan haka wani matashi, Shawn Fanning, ya fito da manhajar Napster, wadda ta bai wa miliyoyin mutane damar musayar waƙoƙi kyauta. Kamfanonin kiɗa suka kai ƙara, kotu ta sa aka rufe ta a 2001. Tsoron abin da Napster ta yi ne ya sa aka rungumi kwaɗo hannu bibbiyu. Da kamfanin Apple ya buɗe shagonsa na iTunes a 2003, kowace waƙa senti 99, sai ya zamana waƙar ba ta buɗuwa sai a na'urorin da kamfanin ya yarda da su. A 2005 kamfanin Sony BMG ya wuce gona da iri: ya ɓoye wata manhaja a cikin fayafayan sidi, wadda ke shiga kwamfutar mai saye a asirce, ta kuma buɗe ƙofa ga masu kutse. Da asiri ya tonu, dole ya janye fayafayan daga kasuwa. Abin lura a nan shi ne, wanda ya sauke waƙar ta hanyar sata bai gamu da wannan masifa ba. Wanda ya biya kuɗi ne aka lalata wa kwamfuta. Shi kansa Steve Jobs, shugaban Apple, ya fito fili a 2007 ya nuna cewa kwaɗon bai hana sata ba, a 2009 kuma kamfanin ya cire shi daga waƙoƙin da yake sayarwa.

Sai dai igiyar ba ta tsinke ba, wuri kawai ta sauya. A cikin watan Yuli na wannan shekara ta 2009 kamfanin Amazon ya shiga na'urorin Kindle na mutane daga nesa ya share wasu littattafan George Orwell da suka riga suka saya, ya mayar musu da kuɗinsu. Babu mai sayar da littafi a bakin kasuwa da zai iya shiga ɗakin mutum da dare ya ɗauke littafi ya ajiye kuɗi a gurbinsa, amma na'ura ta ba da wannan iko. A 2019 kuma shafin MySpace ya sanar da cewa waƙoƙin da mutane suka ɗora a kansa daga 2003 zuwa 2015 sun salwanta wajen sauya rumbun ajiya; an ƙiyasta su da miliyan 50. Ɗan abin da aka ceto daga ciki ya fito ne daga kwafin da wasu suka ajiye a gefe.

Yanzu kasuwa ta karkata ga sauraro kai-tsaye, irin na Spotify, wanda ya fara a Suwidin a 2008 ya kuma iso ƙasashen Afirka da dama, har da Najeriya da Gana, a 2021. A nan an daina ma riya cewa ana sayarwa. Mutum ya biya kuɗin wata, ya saurara. Ranar da ya kasa biya, ko yarjejeniyar kamfani da mai waƙa ta ƙare, sai waƙar ta ɓace. Ga mai neman nishaɗi wannan ba laifi ba ne. Ga ɗalibin da ya gina babi guda na kundinsa a kan wata waƙa, ya wayi gari adireshin da ya rubuta a madogara ba ya kai kowa ko'ina, babbar asara ce.

Wanda ya duba yadda waƙoƙin manyan makaɗan Hausa suka iso wannan zamani zai ga cewa kwafi ne ya raya su. Mamman Shata ya rasu a 1999, Ɗanmaraya Jos a 2015, kuma da yawa daga abin da ake saurare nasu da na irin su Narambaɗa da Ɗanƙwairo ya biyo ta hannun gidajen rediyo da masu shagunan kaset da masu sha'awa, wannan ya kwafa daga wancan, daga faifai zuwa kaset, daga kaset zuwa memori. Da a ce an sa wa waɗannan waƙoƙi kwaɗon da mabuɗinsa ke hannun wani kamfanin da ya daɗe da rushewa, da sassan Hausa na jami'o'i ba su da abin koyarwa a darasin waƙar baka. Labarin Mdou Moctar, makaɗin jita na Abzinawan Nijar, ya ƙara fito da batun. Ya ɗauki kundinsa na farko a Sakkwato a 2008, da salon da ya yi kama da na waƙoƙin finafinan Hausa, waƙoƙin suka yi ta yawo daga waya zuwa waya ta bulutut har Mali. Can wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya tsinci ɗaya, ya sa ta cikin tarin da ya fitar a 2011, ya kuma nemo mai ita ya biya shi. Hanyar da doka za ta kira sata ita ce ta kai shi dandamalin duniya.

Ba za a ɗauki wannan hujjar halatta cin gumin mawaƙi ba. Makaɗin dauri yana da ubangida. Abincinsa yana fitowa daga kyautar fada da ta biki, doki ko riga ko mota ko kujerar Makka, don haka yaɗuwar kaset talla ce gare shi. Mawaƙin yau kuwa shi ke biyan kuɗin sutudiyo daga aljihunsa, washegari ya tarar da waƙarsa a kwamfutar masu tura waƙoƙi a waya, suna karɓar kuɗi a kanta, shi ko sisi. Kukansa gaskiya ne, kuma masana'antar finafinan Kano ta ɗanɗana irinsa lokacin da kasuwar sidi ta durƙushe. Amma maganin wannan ciwo yana wajen hukumomin haƙƙin mallaka da ƙungiyoyin mawaƙa, su bi mai kwafa don ciniki su karɓo kason mai waƙa. Kwaɗo bai san bambancin ɗan kasuwa da ɗalibi ba, bai san makaho mai son a juya masa littafi zuwa murya ba, bai san ma'aikacin ɗakin karatu ba. Kowa ɓarawo ne a wurinsa har sai kamfani ya ce ba haka ba.

Saboda haka akwai abin da ya kamata dokokin ƙasashen da ake jin Hausa su fayyace ƙarara: wanda ya sayi waƙa yana da ikon ajiye kwafinta da mayar da ita kan wata na'ura, ɗakunan karatu da cibiyoyin bincike kuma suna da ikon adana kwafin duk waƙar da ta fito, ko da kwaɗo a kanta, su buɗe ta ga masu nazari. Wuraren da za su ɗauki wannan amana suna nan: Jami'ar Abdou Moumouni da cibiyar nazarin adabin baka ta Tarayyar Afirka a Yamai, da Jami'ar Bayero a Kano. Kafin doka ta kai can, ɗalibin da ya zaɓi waƙar da zai yi nazari a kanta gara ya nemi kwafi na halal ya adana a wuri biyu, ya rubuta sunan makaɗi da inda ya samo ta da ranar da ya same ta, ya kuma miƙa kwafi ɗaya ga sashensa tare da kundin.