Tace fim: Waya ta maye gurbin dandalin Kofa?

A shekarar 2016 ne gwamnatin Najeriya ta soke shirin gina dandalin shirya fina-finai a Kofa, kusa da madatsar ruwan Tiga mai shayar da gonakin shinkafar Kura da Bunkure, bayan da malaman addini a Kano suka nuna adawa.

To sai dai kayan aikin sun iso yankin ta wata hanyar.

A zamanin fim ɗin Turmin Danya na 1990, da na'urorin kaset ake yanka hoto ana haɗawa. Yanzu kuwa matashi a Kura zai iya yin wannan aiki da CapCut a wayarsa, ko da DaVinci Resolve, wadda ake samu kyauta, idan yana da kwamfuta mai ƙarfi da wutar lantarki.

Amma manhaja ba ta gyara muryar da ƙarar injin ban ruwa ta danne tun wajen ɗauka. Wannan sai da horo.

Akwai kuma ɗaya tacewar. A watan Mayun 2025, Hukumar Tace Fina-finai ta Kano ta dakatar da fina-finai 22 masu dogon zango, ciki har da Labarina, bisa zargin sakinsu ba tare da an kai mata ta duba ba.