Sharhi: Daga Manawashi zuwa Abuja, ina rahoton annoba ke maƙalewa?

Kowace shekara cututtuka masu yaɗuwa na zuwa wa Jihar Gombe da lokutansu. Sanƙarau na biyo hunturu da zafin bazara, amai da gudawa kuma na biyo ruwan damina. Ke nan zuwansu ba abin mamaki ba ne. Abin dubawa shi ne kwanaki nawa ake ɗauka daga kwanciyar majinyaci na farko a unguwa irin Manawashi da ke birnin Gombe, zuwa isar labari ga hukuma.

Alƙaluman baya sun nuna tsadar jinkiri. A 2021, hukumar daƙile cututtuka ta ƙasa, NCDC, ta ƙirga fiye da mutum 111,000 da ake zargin sun kamu da kwalara, sama da 3,600 suka rasu. Tsakanin Oktoban 2023 da Maris na 2024 kuwa, sanƙarau ya hallaka mutum 153 a jihohi bakwai, ciki har da Gombe, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana.

A matakin sama an samu ci gaba. An kafa NCDC a 2011, aka ba ta cikakken hurumin doka a 2018. Bayan annobar Ebola ta 2014, ƙasar ta rungumi manhajar SORMAS, wadda jami'in sa ido na ƙaramar hukuma ke amfani da ita wajen tura rahoto kai tsaye. A 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da rigakafin Men5CV, mai kariya daga nau'o'i biyar na ƙwayar sanƙarau. Gwamnatin Gombe ma ta gyara cibiyar lafiya a matakin farko guda a kowace mazaɓa 114 ta jihar.

Sai dai manhaja ba ta aika abin da ba a shigar mata ba. A unguwannin talakawa, mai zazzaɓi ko gudawa yakan fara da kemis ko mai maganin gargajiya, sai jiki ya tsananta a nufi Asibitin Ƙwararru ko Asibitin Koyarwa na Tarayya. Masu kemis ba su cika shiga tsarin kai rahoto ba, alhali su ne kan fara ganin mutum biyar daga layi ɗaya da ciwo iri ɗaya. A nan kwanaki ke salwanta.

Mataki na biyu shi ne tabbatar da cutar. Gano sanƙarau na buƙatar ƙwararren da zai ɗebi ruwan laka, da hanyar kai samfurin ɗakin gwaji kafin ya lalace. Irin waɗannan ma'aikata ne ƙasar ke rasawa: a 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya ce likitoci kusan 16,000 sun bar ƙasar cikin 'yan shekaru. Cibiyar da aka yi wa sabon fenti, amma ma'aikaci ɗaya ke duba marasa lafiya da karɓar haihuwa da cike takardu, da wuya rahotonta ya fita a kan kari.

Masana na auna ƙwazon ƙasa da ma'aunin 7-1-7: a gano ɓullar cuta cikin kwana bakwai, a sanar cikin kwana ɗaya, a ɗauki matakin farko cikin bakwai. Cim ma bakwai ɗin farko ba aikin Abuja ba ne. Yaƙin da aka yi da shan inna, har aka ayyana Nijeriya ta rabu da ƙwayar cutar ta asali a 2020, ya yi nasara ne saboda shigar da sarakuna, masu unguwanni da limamai. Wannan hanyar na nan, sai dai a faɗaɗa ta zuwa kemis-kemis da makarantun allo, a kuma tanadar wa jami'in sa ido kuɗin mai da na waya a kasafin jiha, maimakon jiran tallafin waje da kan iya yankewa.

Rigakafi ya fi magani, amma ana fara shi ne da jin labari da wuri. Duk mazaunin da ya ga alamun annoba zai iya kiran layin NCDC na kyauta, 6232.