WANE IRIN ARO NE WANNAN DA BA A MAYARWA?

'Yan uwana mata, musamman ku matan aure da ke zaune a gida, da ku 'yan mata iyayen gobe. Yau kam da ɓacin rai na ɗauki biro, don haka duk wadda maganata ta taɓa sai ta yi haƙuri, domin gaskiya ɗaya ce, daga ƙinta sai ɓata.

Abin da ya tunzura ni shi ne, kwanakin baya 'yar ƙanwata da nake riƙo, 'yar aji huɗu a wata firamare a nan Baure, ta dawo gida idanu jawur, tafin hannunta ya tasa saboda bulala. Na karɓi littafinta na duba, sai na ga an ce ta ɗebe 650 daga 1000, ita kuma ta rubuta 1650. Malam ya zabga mata ƙaton sifiri da jan biro. Wannan fa ita ce yarinyar da ke zama mini a bakin zaure da yamma tana sayar da awara, kuma ban taɓa ƙirga ciniki na ga ko naira goma ta yi ciwon kai ba.

Na ce, "Zo nan. In mutum ya sayi awarar ɗari shida da hamsin ya miƙo miki dubu, nawa ne canjinsa?"

Ko numfashi ba ta ja ba ta ce, "Ɗari uku da hamsin mana Inna. In na ɗora hamsin ta zama ɗari bakwai, in na ƙara ɗari uku ta cika dubu."

Na ce, "To me ya kai ki rubuta 1650?"

Ta ce, "Ai Inna wancan lissafin makaranta ne, ba na kuɗi ba. Malam cewa ya yi a yi boro wan, ni kuma na duba maƙwabcin sifiri ne, na gaba da shi ma sifiri, to a wurin wa zan ara? Shi ne na yi ta cire ƙarami daga babba."

Wallahi sai na rasa kuka zan yi ko dariya. Ku duba fa, yarinya ta san amsa sarai a kanta, amma an raba mata lissafi gida biyu: akwai na duniya mai ma'ana, akwai na allo wanda ake rerawa kamar waƙar gaɗa. "Kari wan, boro wan." Yara sittin ko fiye suna amsawa da ƙarfi har a jiyo su a bakin hanya, amma ki tare ɗaya ki tambaye shi, wannan ɗayan da aka ɗauko ɗaya ne na me? Sai ya tsaya yana kallonki. Wannan ba koyarwa ba ce, karatun aku ne.

Ita kanta kalmar aro ni ban yarda da ita ba. A garin nan in kika ari turmi ko rariya a maƙwabta, in kin gama mayarwa kike yi. To wane irin aro ne wannan da ba a taɓa mayarwa? Gaskiyar magana ba aro ake yi ba, canji ake yi. Dubu ce a hannunki dunƙule, kika fasa ta ta koma 'yan ɗari-ɗari guda goma. Kika sake fasa ɗari ɗaya ta koma 'yan goma-goma guda goma, saura 'yan ɗari-ɗari tara. Kuɗinki bai ƙaru ba bai ragu ba, kamanni kawai ya sake. Daga tara ki cire shida saura uku, daga goma ki cire biyar saura biyar, ga 350 ta fito. Wannan tarar da ake ce wa yara su rubuta a saman sifiri ba tare da an gaya musu daga ina ta faɗo ba, to ga asalinta nan. A daren nan na baje wa yarinyar kuɗin ciniki a kan tabarma muka yi haka sau uku, sai ta ɗago kai ta ce, "Au! Inna dama shi ke nan?" Shi ke nan fa, abin da aka shekara ana dukanta a kai.

Na san wasu za su ce laifin malamai ne. Suna da nasu kason, musamman masu ganin bulala ita ce ke buɗe ƙwaƙwalwa. Amma a yi adalci, mutum ɗaya da ɗan guntun alli a gaban aji maƙil, yaushe zai bi kowa ya ga inda ya ɓace? Ga kuma rikicin harshe. Tun 1977 tsarin ilimi na ƙasa ya ce a fara koyar da yara da harshen gida a azuzuwan farko, a 2022 aka ce a kai shi har aji shida, sai kuma a Nuwamban 2025 ministan ilimi ya ba da sanarwar an soke, a koma Turanci. To su can Abuja su yi ta yi. Tsakar gidanki dai ba ta da wani minista sai ke.

A nan ne zan juyo kanmu, don mu ma ba mu fita ba. Da yaro ya kawo aikin gida sai ki ji uwa ta ce, "Kai ni rabu da ni, ni da ban yi boko ba ina na san wani lissafi?" Haba baiwar Allah! Ke ce fa uwar adashe, mata ashirin na zubi a hannunki, kin san wadda ta kwasa da wadda ta yi fashin zubi ba tare da kin rubuta ko alif ba. Mu da ke bakin iyaka, mace nawa ce a Babban Mutum ko cikin Baure da za a kawo mata sefa daga Magarya, ta san dala ashirin ita ce sefa ɗari, jaka ita ce sefa dubu, ta juya ta zuwa naira kafin mai waya ya gama latse-latsensa? Kakanninmu kuwa kafin a kawo naira a 1973 da fam da sule suka yi ciniki, kwabo goma sha biyu sule guda, sule ashirin fam guda. Wannan ya fi namu na goma-goma wuya nesa ba kusa ba, amma ba a cuce su ba. Harshenmu ma da ɗebewa a cikinsa aka haife shi, shi ya sa tsohuwa za ta ce miki ashirin biyu babu, tana nufin goma sha takwas. Kuma a ƙasar Katsinan nan aka yi Malam Muhammadu ɗan Muhammadu al-Katsinawi, wanda ya rubuta littafi da Larabci a kan jera lambobi cikin hatimi a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741, har yau masana lissafi na duniya suna ambatonsa. To wa ya ce lissafi baƙo ne a gidanmu?

Abin da nake roƙonku ba ya cin ko sisi. Ki samo tsohuwar tsintsiya ki kakkarya tsinkayen. Duk tsinke goma a ɗaure su da zare, ƙulli ɗaya ke nan, ƙulli goma kuma a haɗa su dami guda, kamar dai yadda ake ɗaure gero. Ki ce wa yaro ya tara 47 da 38. Zai ajiye ƙulli huɗu da tsinke bakwai, ga ƙulli uku da tsinke takwas. Tsinkaye sun zama goma sha biyar, sai ya ɗaure goma ya tura wajen 'yan uwansu, saura biyar, ƙulli ya zama takwas, 85 ke nan. Da hannunsa ya ɗaure, don haka ya san ɗayan nan da ake ɗauka a kai gaba ba ɗaya ba ce, goma ce. In ɗebewa ce kuma kwancewa zai yi. Kada ki raina abin don na tsintsiya ne, a ƙasar Indiya wata ƙungiya mai suna Pratham da irin waɗannan tsinkaye da ƙulli take koyar da yaran da aka bari a baya, har an kwaikwayi tsarin a ƙasashen Afirka ciki har da Najeriya. Sai ya gane da hannu tukuna a koma takarda, domin jera lambobi a allo ba laifi ba ne, hanya ce mai sauri, amma ga wanda ya san abin da yake jerawa. Sannan ki saba masa da tambaya ɗaya kafin ya rufe littafi: wannan amsar hankali zai ɗauka? Wa ya taɓa ba da dubu aka mayar masa da canjin da ya fi dubu?

Masu cewa ai yanzu akwai kalkuleta a waya, ina tambayarku, in yatsa ya zame ya ƙara sifiri ɗaya, wa zai gane in ba wadda lissafin ke kanta ba? Masu cewa lissafi na maza ne kuwa, su zo bakin zaurena da yamma su gani.

Abin da ke ba ni tsoro shi ne ƙarshen irin wannan yarinya. An kira ta daƙiƙiya tun tana aji huɗu har ta yarda, ta tsani makaranta, uban ya ce tunda ba ta ganewa a bar asarar kuɗin littafi. Wadda ta daure ta kai sakandare kuma lissafi ya kayar da ita, alhali makarantar koyon jinya ko ungozoma ba ta ɗaukar wadda ba ta da kiredit a lissafi. Gobe mu ne dai za mu je asibiti muna ƙorafin babu mace da za ta duba mu, mun manta tun a kan 1000 a ɗebe 650 muka zubar da ita.

Don haka 'yar uwa, yau in an idar da sallar isha'i, a rage hirar nan da kallon fim ko na minti goma sha biyar ne, a jawo tsintsiya da kuɗin cefane a zauna da yara. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya shirya mana zuri'a, ya buɗa ƙwaƙwalensu, amin.