Masu Gadin Mushtari Ba Su Karɓar Albashi

A daren 19 ga Yuli 2009, wani ɗan Ostareliya mai suna Anthony Wesley ya hango baƙin tabo kusa da ƙarshen kudu na duniyar Mushtari, wadda Turawa ke kira Jufita. Sana'arsa kwamfuta ce, madubin hangen nesan kuwa a bayan gidansa yake girke. Wani abu ne daga sararin samaniya ya auka wa duniyar, kuma sai da ya kai labari sannan manyan cibiyoyi suka juya na'urorinsu can, har da madubin Hubble da ke sararin samaniya.

Ina ganin lokaci ya yi da za a daina ɗaukar aikin irin waɗannan mutane a matsayin shagalar wanda ya ƙoshi. Bincike ne na gaske, kuma akwai ɓangarensa da ba mai iya yi sai su.

Dalili shi ne Mushtari da maƙwabciyarta duniyar Zuhal ba su da doron ƙasa irin namu. Abin da ido ke gani gajimare ne da guguwa, kullum cikin sauyi. Hubble kuwa masana layi suke bi kafin su samu 'yan sa'o'i a kansa, ba zai kwana yana gadin duniya guda ba. Ga shi Mushtari tana kammala juyi a ƙasa da awa 10, saboda haka idan gari ya waye wa mai kallo a Asiya, ana bukatar wani a Afirka ko Amurka ya karɓa.

A 2006 wani mai sha'awa irin Wesley, Christopher Go, daga Cebu ta ƙasar Filifin, shi ya lura wata farar guguwa a Mushtari ta rikiɗa ta yi ja. A 2010 ɗaya daga cikin manyan ɗamarun gajimare biyu masu duhu da suka kewaye duniyar ta dusashe, har watan Nuwamba da Go ya ga wani farin ɗigo wanda daga nan ta fara dawowa. Wanda ya fi burge ni shi ne na 3 ga Yunin shekarar. Wesley ya ɗauki wata walƙiya ta kamar daƙiƙa 2, Go ma ya same ta a nasa bidiyon. Shaidu biyu a ƙasashe biyu, ba wanda zai ce matsalar kyamara ce. Ko Babban Jan Tabo, guguwar nan da faɗinta ya kai kilomita 40,000 a ƙarshen ƙarni na 19 ya ragu zuwa kusan 16,500 a 2014, hotunan masu sha'awa ne suka nuna cewa tsukewarsa ta ƙara sauri tun 2012.

Aikin haƙuri yake so. Iskar da ke samanmu tana sa hoto rawa kamar yadda kwalta ke rawa a idon matafiyi da tsakar ranar bazara. Don haka bidiyo suke ɗauka na minti biyu ko uku, hotuna dubbai, manhaja ta zaɓi masu kyau ta ɗora su kan juna har zanen gajimaren ya fito.

Na san za a ce kayan nan da tsada, mutane kuma na fama da abin sawa a baki. Gaskiya ne, ban raina wannan magana ba. Amma kumbon Juno, da ya isa Mushtari a 2016, an zuba ɗanyen hotunansa a intanet kyauta domin kowa ya sarrafa. Kuma Afirka ta riga ta sa hannu. Ranar 31 ga Mayu 2020 Clyde Foster na Afirka ta Kudu ya gano sabuwar guguwa, bayan kwana biyu Juno ya bi ta kanta ya ɗauke ta daga kusa, yau da sunansa ake kiranta.

Mu da ke kusa da tsakiyar duniya, waɗannan duniyoyi kan bi ta saman kanmu, inda haskensu ba ya ratsa iska mai yawa, abin da mai kallo a Ingila ba ya samu. Sashen fiziks na kowace jami'a tamu zai iya sayen madubi mai faɗin inci 8 da ƙaramar kyamara. Abin da nake roƙo shi ne idan an saya, kada a kulle shi a sito, a bai wa ɗalibai makulli da izinin kwana a kan rufin bene.